Wata ɗaya na rage lasifika, da bashin da masu gari ke bin mu 'yan Zango

Duk shekara in watan Mayu ya kama sai mun yi wannan musun a ƙofar masallacin unguwarmu a nan Nima, cikin birnin Accra na Ghana, kamar wani farilla. Sanarwa za ta fito cewa majalisar sarakunan Ga, wato ƙabilar masu asalin garin Accra, ta sa dokar hana kiɗa da hayaniya na wata ɗaya kafin bikinsu na gargajiya na Homowo, ba ganga, ba tafi, ba kafa lasifika a wajen coci ko masallaci ko gidan giya, kowa ya yi ibadarsa a cikin ɗakinsa na ibada. Bana ma haka aka yi. Bayan isha'i wani saurayi cikin yaranmu, mai karatu ne kuma ina ganin girmansa, ya miƙe rai a ɓace yana cewa yanzu mu za a ce mu kashe sifika saboda abin bautar wasu? Wasu suka ce gaskiya ne, wasu suka yi shiru, wani Alhaji dattijo da ke jingine da bango yana jan carbi ya ɗaga kai ya ce masa, yaro, filin da masallacin nan yake kai, kakanka ne ya zo da shi a buhu daga Kano? Aka kwashe da dariya, magana ta mutu a nan. Amma ni ba ta mutu min ba, tun ranar take cina, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani, wanda zai zage ni ya zage ni.

Ra'ayina a gajarce: mu mutanen Zango mu ya kamata mu zama na farko wajen tsaya wa Ga, Ankarawa kamar yadda tsofaffinmu ke kiransu, a kan maganar ƙasarsu da yarensu da al'adarsu. Ba don tsoro ba, ba don siyasa ba. Don bashi ne.

Ku duba yadda zangunanmu suka kafu. Sabon Zango, Malam Bako ne ya kafa shi sama da shekara ɗari da suka wuce, a filin da sarakunan Ga suka ba shi. Nima ɗin nan da muke tinƙaho da ita, Malam Futa ne ya fara zama a farkon shekarun 1930 da shanunsa da mutanensa, filin kuma na dangin Odoi Kwao ne na Osu, ɗaya daga garuruwan Ga. Madina a 1959 aka kafa ta a ƙasar sarautar La, su ma Ga ne, shi ya sa har yau sunan ƙaramar hukumar La Nkwantanang Madina. To ina zangon da muka ci da yaƙi? Babu. Mutane ne suka ga baƙi da rawani da buta, yarensu daban, addininsu daban, suka ce ga fili nan ku zauna, ku gina masallaci, ku binne mamatanku. Kalmar zango ita kanta ai ta faɗi komai, wurin da ayari ke sauka ya huta ne. Mun sauka, mun huta, mun haifi 'ya'ya da jikoki har mun manta cewa akwai wanda ya shimfiɗa mana tabarmar.

Kar wani ya fahimce ni a karkace, ban ce mu ba 'yan ƙasa ba ne. A nan aka haife ni, a nan aka haifi babana, ban san wani gida ba sai wannan, kuma zan dawo kan wannan maganar a ƙasa. Amma zama ɗan Ghana daban, zama mai asalin wuri daban, kuma wanda ya kasa bambance biyun nan zai riƙa taka mutane bai sani ba.

Abin da ya sami Ga shi ne abin da ke samun duk ƙabilar da aka kai babban birni ƙasarta. A 1877 Turawa suka ɗauke hedikwata daga Cape Coast suka kawo Accra, tun daga lokacin ake yankar ƙasarsu kamar tsire. Ridge, Cantonments, filin jirgi, Burma Camp, jami'ar Legon, ma'aikatun gwamnati, duk a kan gonakin wasu da makiyayar wasu suke. To a ce don amfanin ƙasa ne, kowa ya yarda, ai dole a sami inda za a gina asibiti da barikin soja. Inda abin yake ciwo shi ne a karɓi fili da sunan aikin gwamnati, shekaru su wuce, sai ka wayi gari ka ga an yanka shi fuloti fuloti an sayar wa manya, an gina gidajen da ake hayarsu da dala, alhali jikokin masu filin suna kwana mutum takwas a ɗaki ɗaya a Jamestown ko Chorkor, wasu ma a waje suke kwana kan benci in zafi ya yi yawa. Kundin tsarin mulkin 1992 a sashe na 20 ya ce in gwamnati ta karɓi fili ba ta yi abin da ta ce za ta yi da shi ba, mai filin shi ke da haƙƙin farko na karɓar abinsa. Magana mai kyau a takarda. Sai dai kotun ƙoli ta ce wannan bai shafi filayen da aka karɓe kafin 1992 ba, kuma manyan filayen ai tun zamanin Turawa da bayan samun 'yanci aka kwashe su. Ka ga an ba ka laima bayan ruwa ya gama dukanka.

'Yan'uwanmu na Najeriya da za su karanta wannan, ku tuna da Gwari, wato Gbagyi, na Abuja. A 1976 aka yi dokar mayar da ƙasarsu babban birni, a 1991 gwamnati ta tare, yau Maitama da Asokoro sunan su ne ya rage, masu sunan an tura su gefe. Labarin ɗaya ne, sai dai na Ga ya girme shi da shekara ɗari.

Kuma mutanen nan ba wai zaune suke ana yi musu ƙasa ba. Tetteh Quarshie da ya kawo irin koko daga Fernando Po a 1879, abin da ya riƙe tattalin arzikin ƙasar nan fiye da ƙarni, ɗansu ne. Nii Kwabena Bonne na Osu shi ya jagoranci ƙaurace wa kayan kantunan Turawa a 1948. Saje Adjetey da aka harbe ranar 28 ga Fabrairun shekarar a hanyar fadar gwamna ta Osu, ɗansu ne. D.K. Poison da ya fara kawo mana kambun dambe na duniya a 1975, da Azumah Nelson, da Ike Quartey, duk nasu ne, unguwar Bukom ɗin nan da wasu ke toshe hanci in sun wuce ta fitar da zakarun da suka ɗaga tutarmu. A ƙidayar 2021 Ga da Dangme duka kusan kashi 7 cikin 100 ne na mutanen Ghana, jihar Greater Accra kuma ta haura mutum miliyan 5, kuma a cikin jihar tasu ma Akan sun fi su yawa. Ka zama tsiraru a tsakar gidanku, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maganar yare ita ce ta fi taɓa ni, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Ina sayar da kayan mota a Abossey Okai, kullum trotro, wato ƙaramar bas ta haya, nake shiga. Karen mota Twi, yaren Akan, zai yi maka, mai sayar da ruwa Twi, a Makola Twi, a rediyo Twi. Na sha ganin tsohuwa 'yar Ga a cikin mota tana neman canjinta da yarenta, yaron mota yana kallonta kamar ta sauko daga wata duniya, sai ita ce za ta juya harshe ta yi masa Twi, a garin da aka binne cibiyar kakanninta. Iyaye Ga suna kuka cewa makarantu da yawa a Accra ba su da malamin Ga, yara sai su zaɓi Twi don shi ke da malami. Da aka yi ta cece-kuce a Facebook kan cewa me ya sa allunan maraba a Accra Akwaaba na Twi ne kawai a kai, ba a sa Oobakɛ na masu gari ba, wasu abokaina dariya suka yi ta yi, wai ƙasa na fama da tsadar rayuwa su kuma allo ne damuwarsu. Ni ban yi dariya ba, don na san abin da ake ji.

Ni da nake muku rubutun nan da Hausa, asalinmu Kotokoli ne, kakannina daga wajen Sokode ta ƙasar Togo suka zo. Kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba har ta rasu, mu kuma jikoki muna yara muna kwaikwayonta muna dariya, muna ce mata kaka kina gwaranci. Ku lura da kalmar ma, gwaranci, sunan wata ƙabila sukutum muka mayar da shi ma'anar rashin iya magana. Da ciwon ajali ya kama ta, a kwanakin ƙarshe Hausar ta gudu daga bakinta gaba ɗaya, ta koma yaren da uwarta ta yi mata. Tana riƙe da hannuna tana magana, doguwar magana, tana kallon idona, ni kuma ko kalma uku ban tsinta ba. Sai da aka aika aka kira wata maƙwabciya tsohuwa daga can ƙasan layi, kafin ta iso kaka ta yi barci, washegari kuma ba ta ƙara cewa komai mai tsawo ba. Har yau ban san me ta ce min ba. Wasiyya ce, addu'a ce, faɗa ne, Allah kaɗai ya sani.

To wa ya cinye Kotokolin gidanmu? Ba Turanci ba ne, ba Twi ba ne. Hausa ce. Wannan ita ce gaskiyar da ba ma so a faɗa a Zango. Ka zagaya Nima da Mamobi da Sukura da Fadama, ka tambayi matasa asalinsu, za ka ji Busanga, Zabarma, Chamba, Mosi, Wangara, Gurma, Dagomba, Fulani, amma nawa ne cikinsu za su iya hira ta minti biyar da yaren kakansu? Hausa ta haɗa mu, alhamdulillahi, ita ce ta sa ɗan Bawku da ɗan Gao suka zama 'yan gida ɗaya, ba na raina wannan ni'ima ko kaɗan. Amma abin da Twi ke yi wa Ga a trotro shi Hausa ta yi wa yarukan iyayenmu a tsakar gida. Laifi tudu ne. Shi ya sa in na ji ɗan Ga yana kukan yarensa, ba ƙabilanci nake ji ba, muryar kakata nake ji.

Kuma ana iya ceto yare in an so. Mutanen Maori na Niyu Zilan sun ga yarensu na mutuwa, a 1982 suka fara buɗe ƙananan makarantun renon yara inda kakanni ke zama da jikoki ba a magana da komai sai Maori, a 1987 gwamnati ta mayar da shi yaren hukuma. Ba wani sihiri, tsofaffi ne da yara a ɗaki ɗaya. Mu da muke da makarantar allo da ta dare a kowane lungu ai mun fi kowa sanin yadda ake wannan.

Mutane da yawa in sun ji ana maganar haƙƙin 'yan asalin wuri sai su ɗauka abin Amurka ne da Kanada da Ostireliya, jajayen Indiyawa masu gashin tsuntsu a ka. Gaskiya ne can abin ya fi muni, a Kanada yara wajen 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana don a kankare musu yare da al'ada, har Fafaroma Francis ya je da kansa a 2022 ya nemi gafara. Ga ba su ga irin wannan ba, kuma ba na haɗa su a ma'auni ɗaya. Amma maganar ba baƙuwa ba ce a nan. Tun 1897 aka kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan asalin ƙasa a Cape Coast, su John Mensah Sarbah, lokacin da Turawa suka kawo dokar da za ta mayar da duk filin da suka kira wanda ba kowa a kai ya zama na sarauniyar Ingila. Suka tara kuɗi suka tura wakilai Landan a 1898, aka janye dokar. Da ba su yi haka ba, da sarakunan Ga ba su da filin da za su ba Malam Bako ma. Majalisar Ɗinkin Duniya sai a 2007 ta fitar da sanarwarta kan haƙƙin irin waɗannan al'ummu, ƙasashe huɗu suka ƙi, Amurka da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan, Najeriya da Kenya kuma suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Bayan shekara goma, a 2017, kotun Afirka da ke Arusha ta yanke wa Kenya hukunci cewa ta zalunci mutanen Ogiek da ta kora daga dajin Mau. Jigon duk maganar ɗaya ne, kafin ka taɓa ƙasar mutane ko ruwansu ko abin da suke girmamawa, ka tambaye su tukuna, tambaya ta gaskiya, ba a kira sarki ɗaya otal a ba shi ambulan ba.

A wannan shekarar ta 2017 Niyu Zilan ta yi dokar da ta ba kogin Whanganui matsayi irin na mutum a gaban shari'a saboda girman da Maori ke ba shi. Da na ji labarin sai na tuna da tafkin Korle na nan Accra. A wurin Ga wannan tafkin abu ne mai tsarki, yana da wulomo nasa, wato limamin gargajiya mai kula da shi, tsofaffi suna ba da labarin lokacin da ake kamun kifi a ciki. Yau je ka tsaya a gadar ka shaƙa. Ina ruwan ƙazantar yake fitowa? Daga kogin Odaw. Ina Odaw ke samun nata? Babban gwatan Nima yana cikin masu kai mata. Mu ne muke jira hadari ya haɗu mu fito da bola mu juye a kwata, mu ce ruwa zai tafi da shi. Ruwan ya tafi da shi kam, ranar 3 ga Yunin 2015 ya dawo mana da shi a shataletalen Circle, ambaliya da gobara suka ci rai sama da 150. Ba sai ka yarda akwai wani abu a cikin Korle ba kafin ka ji kunyar abin da muka mayar da shi.

Yanzu maganar addini, don na san nan ne ake jirana. Ni Musulmi ne, ba na zuba giya a ƙasa don magabata, ba na zuwa wurin wulomo, kpokpoi, abincin bikin da ake yayyafawa a ƙofar gidaje ranar Homowo ba ibadata ba ce kuma ba wanda ya taɓa tilasta min. Abin da aka nema a wurina shi ne in rage ƙara na kwana talatin. Ba a hana kiran sallah ba, ba a rufe masallaci ba. Sayyidina Bilal da wace lasifika ya yi kira? Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin ƙarar da muke yi ba kiran sallah ba ce, wa'azin dare ne har ƙarfe ɗaya, da awure da suna da ake toshe titi a kafa sifiku kamar gini, mara lafiya da ɗalibi da mai jego duk su haƙura. Haƙƙin maƙwabci da malamai ke karanta mana kullum bai ce sai maƙwabci Musulmi ba. Alƙur'ani a Suratur Rum ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, to wanda yake kallon aya tana shuɗewa yana dariya fa? Babban limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu yana da shekara 100 ya taka ya shiga cocin Christ the King a 2019 don zumunci, imaninsa bai ragu ba, kuma duk cikinmu ba wanda ya kai shi karatu.

Amma goyon baya ba ya nufin in ce komai nasu daidai ne. Samarin da ke fakewa da dokar shiru su shiga coci da sanduna su kwashe kayan kiɗa, a ƙarshe magana ta koma ta kuɗi, suna zubar da mutuncin al'adar da suke cewa suna karewa, an ga irin wannan rikici tun ƙarshen shekarun 1990. Filaye da yawa kuma ba gwamnati ce ta ƙwace ba, wasu sarakuna da shugabannin dangi ne suka sayar da hannunsu, fili ɗaya mutum uku, kuɗin ya tafi a mota da jana'iza, rigimar sarauta ta ƙi ƙarewa a kotu, 'yan landgad, wato 'yan daban da ake ɗauka gadin filaye, suna sara mutane da adda har sai da dokar filaye ta 2020 ta haramta aikinsu. Talakan Ga yana da ƙorafi a kan manyansa kamar yadda muke da shi a kan namu.

Layin da ba zan tsallaka ba shi ne ranar da kare gida ya koma ku koma garinku. Mun san ɗacin wannan kalmar. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasa, zanguna suka zama kango, mutanen da aka haifa a nan aka loda su a manyan motoci zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba. A 1983 Najeriya ta rama a kan 'yan Ghana. Ni kaina na taɓa zuwa wani ofis neman takarda, ma'aikacin ya tambaye ni garinmu na ce Nima, ya ce Nima ba garin kowa ba ne, in faɗi inda muka fito. Na fito ina rawar jiki don haushi. Sai daga baya na yi tunani, ni an ce min ba ni da gari a inda aka haife ni, ɗan Ga kuma yana da garin amma kullum ana nuna masa cewa Accra ta kowa ce, wato ba tasa ba. Ciwon biyu 'yan gida ɗaya ne, kuma ba dole sai ɗaya ya danne ɗaya ba.

Akwai wata tsohuwa 'yar Ga da ke sayar da komi, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi kusa da shagona, shekara goma sha wani abu ina saye a wurinta da Twi. Kwanaki na ce wa wani yaron shago ɗan Chorkor ya koya min gaisuwa. Washegari na je na ce mata ojekoo, wato ina kwana. Ta ajiye wuƙar hannunta ta kalle ni, ta amsa, ta jero min wasu maganganu da sauri waɗanda ban gane ko ɗaya ba, ta ƙara min kifi guda a kan na kuɗina. Na ce oyiwaladon, wato na gode, ta gyara min furucin sau biyu tana dariya har da riƙe ciki. 'Yata ta shiga JHS, ƙaramar sakandare, bana, na je makarantarsu na tambaya ko suna da malamin Ga, aka ce akwai mace ɗaya tana zuwa sau biyu a sati, na ce a sa ta a ajin. Uwarta ta ce me za ta yi da Ga, na ce a garinsu take. Kotokolin kuma na samo lambar wata gwaggonmu a Sokode, ranar Lahadi za mu fara kiranta ta WhatsApp ni da yaran, ta ce sai dai mu haƙura da ita don kunnenta ɗaya ba ya ji sosai.